Ranar da Tela Na-Sani Ya Buɗa wa Ruwa Wuya

"Ruwa kuma har wani abu ne? Ni da na auna tumbin mutum ɗari tara ban taɓa kuskuren inci ɗaya ba? Ku ba ni tef da alli kawai, in auna ruwan nan daga wuya har ƙafa, in yanka masa hanya daidai jikinsa. Wallahi sai ya dawo ya yi mini godiya!"

Mai wannan magana, abokina, ba injiniya ba ne, bai kuma taɓa haɗa ko maƙwabtaka da injiniya ba. Tela ne. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, duk garin Na-Sani ake ce masa, domin ba a haifi wanda zai kai ƙarshen zance a gabansa ba. Ka ce masa, "Jiya akuyata ta..." sai ya tare ka da "Na sani." An taɓa zuwa da gudu aka ce masa an sace keke a ƙofar shago, ya ce ya sani, sai da ya kai zare bakin allura sannan ya zabura ya ce, "Keken wa?" Nasa ne. Gajere ne, kakkaura, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki ya yi gaisuwa kafin shi ya iso. Tef ɗin awo kuwa ba ya barin wuyansa, matarsa ta rantse da shi yake shiga wanka.

Bari in zana maka layinsu, don sai ka san shi za ka ji daɗin abin da ya biyo baya. Layin gangare ne. Lambatu guda ya taho tun daga kan tudu, ya ratsa ƙarƙashin titi sau uku kafin ya faɗa rafin bayan gari. Kwalbati uku ke nan, dukansu 'yan mitsi-mitsi, an yi su tun garin bai fi gida ashirin ba. Na sama yana ƙofar shagon Na-Sani. Na tsakiya yana wajen masu facin taya. Na ƙasa kuwa yana daidai ƙofar gidan da Na-Sani yake kwana da iyalinsa, jikin gidan surukinsa. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai kwalbatin sama ya kasa haɗiyewa, ruwa ya taru a filin ƙwallon da ke gefen shago ya zama tafki, ya leƙa wa tela shago har idon sawu, sannan ya yi ta tsiyayewa kaɗan-kaɗan har washegari. Na-Sani ya tsani tafkin nan kamar ya mutu.

Da ofishin ayyuka ya aiko cewa bana za a cire ƙananan bututun a sa manya, mutanen layi suka taru don kafa kwamiti. Na-Sani ne ya zama shugaba. Ba zaɓensa aka yi ba, kowa ya buɗe baki zai kawo sunan wani sai ya ce ya sani, har aka gaji aka watse.

To, a daidai wannan lokacin ne kuma arziki ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shekara goma sha biyar yana fama da facin gwiwa da rage ƙugun wando, sai ga Babbar Sista ta asibitin garin ta kawo masa ɗinkin rigunan ma'aikatan jinya, guda arba'in cif, farare tas. Mace ce doguwa, mai faɗi, wadda ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta. Ta dire masa bandir ɗin yadi a tebur ta ce, "Malam tela, fari na kawo maka, fari nake so. Asabar ta uku zan zo da kaina. In ka yi da kyau, duk shekara kai ne. In na ga ɗigo ɗaya, ko tsumman goge tebur ba za ka ƙara gani daga asibiti ba."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ba ka sani ba. Yanzu nake gaya maka."

Wannan aikin shi ne ransa. Da shi yake mafarkin ya bar faci, ya sa gilashi a gaban shago, ya zama telan da ake kira a waya. Tsakani da Allah kuma ɗinkin ya iya shi, wannan ba mai ƙwace masa. Matsalarsa ɗaya ce: yana ganin wanda ya iya ɗinki ya iya duniya.

Ranar Litinin Injiniya ta zo, wata matashiya mai hular kwano da takalmin roba. Ta bi lambatun tun daga rafi har kan tudu, Na-Sani na binta a baya yana haki yana auna duk abin da ta kalla. Da ta gama ta ɗauko gwangwanin jan fenti. Ta rubuta ɗaya a kwalbatin ƙasa, biyu a na tsakiya, uku a na ƙofar shagonsa.

Na-Sani ya tsaya ya riƙe ƙugu. "'Yata, wace makaranta ce ta koya miki ƙirga daga ƙafa?"

"Baba Shugaba, haka ake aikin magudana. Daga ƙasa ake farawa a hauro. Kafin ka saki ruwa sai ka..."

"Na sani! Amma nan ne ke ciwo. Kin taɓa ganin an zo da ciwon wuya an ɗaure wa mutum ɗan yatsan ƙafa? Riga in ta shaƙe mutum a wuya, wuyan ake buɗawa. Wane mahaukacin tela ne zai fara da kalmasa?"

Ta yi murmushi irin na wadda aka koya wa girmama manya. "Tafkin nan da kake ƙi, Baba, shi ke riƙe wa na ƙasa ruwa. Ka yi haƙuri, mako uku ne za a iso kanka. Ni an tura ni wajen wata gada da ta karye, inda ko waya ba ta shiga. Gobe lebura za su zo da shugabansu, lambobin nan kawai za su bi."

Ta shiga mota ta tafi. Kuskurenta ɗaya a duniya, ta bar gwangwanin fentin a hannun shugaban kwamiti.

Ko ƙurar motarta ba ta kwanta ba Na-Sani ya naɗe hannun riga. Da rana tsaka, a gaban kowa, ya shafe uku ya rubuta ɗaya, har da 'yar kwalliya a ƙasa irin ta bakin aljihu. Sannan ya gangara ƙofar gidansa don ya mai da ɗaya uku. A nan ya tarar da surukinsa zaune a kan dakali. Baba Magini ake ce masa, tsoho ne da ya yi shekara arba'in yana cuɗa siminti, kuma ba ya magana sai ta kama.

Na-Sani ya durƙusa, gwangwani a hannu. "Baba, barka da hutawa."

"Yauwa. Fenti ka koma?"

"Gyara ne, Baba. Yarinyar nan ta kifa lissafin."

Tsohon ya dubi lambar, ya dubi sama. "Ɗana, ruwa baƙo ne. Ba a buɗe masa ƙofar shiga sai an tabbata ta fita a buɗe take."

"Na sani, Baba. Ai shi ya sa. Allah ya ƙara girma."

Baba Magini ya tashi ya shiga gida, can sai ga shi ya fito da shebur da tarin buhunan siminti marasa komai, ya fara cika su da yashi yana jerawa a bakin ƙofarsa.

Washegari lebura suka iso da tifa da manyan bututun kankare, kowanne jaki zai shige ta ciki da kayansa. Shugabansu mutum ne da bai ɗauki duniya da zafi ba. Ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Yallaɓai, yau kuma daga sama za mu fara?"

"Ka iya karatu?"

"Na iya lamba."

"Mece ce wannan?"

"Ɗaya."

"To me kake jira?"

Aka sa diga. Kafin azahar an haƙa rami a ƙofar shago wanda ba mai tsallake shi sai mai fiffike, ƙura da jar ƙasa kuma suka fara shiga ta taga suna neman fararen riguna. Wannan Na-Sani bai lissafa da shi ba. Ya kwashi keken ɗinki da yadi da dutsen guga a baro, sawu huɗu, ya gangara da su gida. Ya mamaye ɗakin baƙi, mai ƙofar ƙarfe da taga mai sanduna, ya mai da shi shago. Yana ɗinki yana fita duba aiki, yana duba aiki yana koya wa lebura yadda ake riƙe shebur. Har laƙabi ya ba kansa, wai Injiniyan Zare. Lebura kuwa a bayan idonsa Tumbin Kwamiti suke ce masa.

Cikin mako biyu da 'yan kwanaki aka gama na sama, aka gama na tsakiya. Ɗinki ma ya kammala. Riguna arba'in, an goge, an ninke, an jera a kan dogon tebur, fari har yana kashe ido. Saura kwalbatin ƙofar gida, wanda yake nan yadda kakanni suka bar shi.

Ranar Alhamis ya shigo ya ga ɗakin matarsa wayam. Ba katifa, ba akwati, ba tukwane, har kajin ba ya jin motsinsu.

"Maman 'yan biyu! Yaji kika yi ba sallama?"

Ta fito da tabarma a naɗe a hammata. "Yajin lafiya. Baba ya ce in kai kayana wajensa, dakalinsa ya fi namu tudu. Yara ma suna can. Kawo rigunan nan in tafi da su, Baban 'yan biyu. Ka ga gabas kuwa yadda ta haɗe rai?"

"A fitar da rigunan? A idon jama'a? Ki ce in hau kan rufi in yi shela cewa shugaban kwamiti bai yarda da aikinsa ba!"

"To a lulluɓe su a zani, wa zai gani?"

"Ni zan gani!"

"Wannan ɗinkin fa shi ne abincinmu na shekara. In ya lalace..."

"Na sani!"

"Kullum ka sani. Allah ya nuna mini ranar da za ka ji."

Don ma kada ta yi masa wayo in ya fita, ya samo ƙaton kwaɗo ya datse ƙofar ɗakin baƙi, ya zura makullin a jikin tef ɗin wuyansa ya ƙulle. Ta dube shi, ta dubi kwaɗon, ta gyara tabarmarta ta wuce gidan ubanta tana girgiza kai.

Ranar Juma'a da la'asar, ana gobe Babbar Sista za ta zo, Na-Sani ya shirya bikin buɗe kwalbatin sama. Ba wanda ya sa shi. Ya haɗa ragowar ƙyallaye na shekara da shekaru ya ɗinka wata tafkekiyar tuta mai kamu goma, ya rubuta a jiki da manyan baƙaƙe: AIKIN INJINIYAN ZARE. Aka ɗaura ta a sanduna biyu a bakin lambatu. Ya ja zare a kan titi, ya hau benci da almakashi a hannu, masu faci da masu shaguna da 'yan kallo suka kewaye shi.

"Jama'a! Shekara nawa ruwa yana raina mu a layin nan? Masu digiri sun zo sun tafi. Sai da aka samu mai ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima! Daga yau, duk wanda ya ƙara ganin tafki a filin nan, ya zo ya aske mini gemu da almakashina!"

Kamar hadarin jira yake ya rufe baki. Iska ta taso, ta fizge tutar da sandunanta ta jefa a lambatu. Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. 'Yan kallo suka ruga ƙarƙashin rumfuna, amma Na-Sani ko gezau. Yana tsaye a kan benci, jiƙe sharkaf, yana kallon ikon Allah. Ruwan tudu gaba ɗaya ya taho jawur, da robobi da karare da takalmin wani, ya iso bakin sabon bututu ya shige fuu, ko waiwayen filin ƙwallo bai yi ba. Ƙofar shago kuwa ko ɗigo bai hau ba.

Daɗi ya kashe shi. Ya fara rawa a kan benci, tumbi na tsalle. "Kun gani? Kun gani? Ina masu ƙirga daga ƙafa? Wuce, ɗan nema! Wuce, ba masaukinka a nan!"

Wani mai faci ya leƙo daga rumfa ya ɗaga murya. "Shugaba! To ina za shi?"

"Na sa..."

A karo na farko a tarihin garin, kalmar ta maƙale. Na-Sani ya juya a hankali ya dubi gangare. Ya dubi ruwan da ke gudu kamar an biyo shi. Ya tuna abin da ke can ƙasa a kan dogon tebur. Ya diro daga benci, ya zubar da almakashi, ya runtuma.

Abokina, da ka ga tseren nan da ka yafe wa duniya. Ruwa a lambatu, tela a titi, kowa na neman riga wani isa gida. Takalminsa ɗaya ya fice, ya faɗa lambatu, ya wuce shi a guje. Yana gudu yana ihu, "Tsaya! Tsaya mana!" Amma wanda ka buɗe wa ƙofa biyu da hannunka ba ya tsayawa gaisuwa.

Kafin ya iso, tafkin filin ƙwallo ya riga ya yi ƙaura, ya sauka a ƙofar gidansa da kayansa duka. Ruwan sama ya ɗauke kamar yadda ya zo, amma na tudu bai daina gangarowa ba. Tsakar gida ta cika har gwiwa. Gidan Baba Magini kuwa, a bayan buhunan yashinsa, ƙura ma tashi take. Tsohon na zaune a kan dakali, Maman 'yan biyu na tsaye cikin ruwa ta riƙe sandunan tagar ɗakin baƙi tana leƙe.

"Baban 'yan biyu, kawo makulli! Ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa, saura taƙi biyu ya kai saman tebur!"

Ka ga, da mai hankali ne, da ya miƙa makulli an kwashe riguna a ka, labari ya ƙare a nan. Amma jama'ar biki sun biyo shi, sun cika titi, kowa ya zuba masa ido. Ya za a yi Injiniyan Zare ya kwashe kaya kamar ɗan gudun hijira? Ya leƙa ɗaya gefen titin, wajen da kwalbatin ke fitar da ruwa, ya ga ɗan tsiyaye kawai yake yi.

"Aha! Ba laifin aiki ba ne, toshewa ce! Zare ne ya sarƙe a keke. Minti ɗaya in zare shi, ruwan nan duk ya bi rariya."

"Makullin dai tukuna!"

"Minti ɗaya na ce!"

Baba Magini ya miƙe tsaye. "Ɗana, kada ka shiga bututun nan."

"Na sani, Baba!"

Ya fizgi wani dogon ƙarfe mai ƙugiya a hannun lebura, ya gangara bakin mafitar, ya durƙusa. Mutumin da ya auna tumbi ɗari tara bai taɓa auna nasa ba. Kai ya shiga. Kafaɗu suka shiga da ƙyar. Ya ja numfashi ya ƙara turawa, tumbi ya shiga rabi, ya ce nan gida. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Abin da ya rage a waje ƙafafu biyu ne, ɗaya da takalmi ɗaya babu, suna harbin iska.

Wata murya ta fito daga cikin bututu, siririya kamar ta mai magana a tulu. "Jama'a... a ɗan ja ni."

Shugaban lebura ya zagaya ɗaya gefen, ya shiga ruwa har ƙugu ya laluba bakin kwalbatin da ƙafa. "Na ji abin da ya toshe! Wani ƙaton ƙyalle ne da sanduna biyu, ya manne a bakin kamar murfi. Tutar Shugaba ce! In fizge ta?"

"Kul!" Baba Magini ya daka tsawar da ba a taɓa jin irinta daga bakinsa ba. "Ka fizge ta, ruwan nan duk a hancinsa zai sauka. Ba mai taɓa tutar nan sai an zaro shi."

Nan fa ake yin ta. A cire tuta, tela ya sha ruwa. A bar tuta, ruwa ya ci gaba da hawa teburin tela. Makulli kuma yana wuyan tela, tela yana cikin bututu. Maman 'yan biyu ta saki taga ta zo ta tsaya a kan ƙafafun mijinta, ranta in ya yi dubu ya ɓaci, ga tsoro kuma ya kama ta, domin duk wautarsa ba ta da wani sai shi.

"Kana numfashi?"

"Ina yi... Rigunan fa?"

"Saura taƙi ɗaya. Ka bar zancen riguna, ka tsuke cikin nan!"

"A tsuke yake!"

Aka aika masu faci su kawo guduma a fasa kwaɗo, wani ya kira asibiti a waya, wasu suka kawo sabulu da baƙin mai. Ana cikin shafa masa mai a kwiɓi sai ga motar ofishin ayyuka ta tsaya. Injiniya ce, ta ga hadari tun daga hanya hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta fito ta dubi tafkin, ta dubi lamba uku mai kwalliya a jikin kwalbatin, ta cire hular kwanonta ta riƙe a hannu.

"Ina shugaban kwamiti?"

Shugaban lebura ya nuna ƙafafun. "Ga shi nan, ranki ya daɗe. Yana duba aiki ta ciki."

Aka ɗaura igiya a idon sawunsa, lebura shida suka kama. "Ɗaya, biyu, ja!" Sai ga wando ya taho shi kaɗai, lebura suka zube a taɓo. Mata suka juya baya suna salati. Aka sake ɗaurawa, aka ƙara sabulu. Daidai lokacin da guduma ta fasa kwaɗo a cikin gida, sai aka ji wani ƙara, fanjam! Teburin ne ruwa ya ɗaga, ya yi ɗan lilo, ya kife.

"Mene ne wannan?" in ji bututu.

Aka ja na biyu, da kabbara. Fut! Na-Sani ya fito kamar toshiyar kwalba, rigarsa ta tsaya a ciki, ba abin da ya rage a jikinsa sai gajeren wando da baƙin mai da tef a wuya. Shugaban lebura ya fizge tutar, kwalbatin ya yi gyatsa, ruwa ya fara ja.

Da ruwan ya juyo daga cikin gida, bai fito hannu rabbana ba. Ta ƙofar ɗakin baƙi rigunan asibiti suka fito a jere, ɗaya bayan ɗaya, sun koma kalar jar ƙasa, suna yawo a tsakar gida da hannuwa a buɗe. Na-Sani ya tsaya yana kallonsu. Na rantse maka a wannan lokacin har ni sai da ya ba ni tausayi. Shekara goma sha biyar na faci ne ke wucewa ta gabansa, kuma ya san gobe ma facin ne.

Matarsa ce ta tuna cewa mutum na tsaye tsirara a gaban surukinsa. Kayan sawarsa duk suna ƙarƙashin ruwa. Ta cafko rigar da ta fi kusa, Allah ya sa mafi girma ce a cikin arba'in ɗin, ta matse ta, ta zura masa ta ka. Ta sauko masa har ƙauri, ta zauna a tumbin ɗas kamar don shi aka yanka.

Sai ga jiniyar motar asibiti. Ƙofa ta buɗe, Babbar Sista ta sauko da kanta. Ta dubi rigunan da ke iyo. Ta dubi wanda ke tsaye a gabanta. Ta matso ta kama aljihun ƙirjin rigar, inda shi da hannunsa ya yi wa muƙaminta aikin zare, ta karanta.

"Wannan tawa ce."

Ta saki aljihun, ta ƙare masa kallo.

"Ɗinki na ce ka yi, malam tela, ban ce ka fara aiki ba. Ku sa shi a mota, duk ya ƙuje. Maganar riguna kuma ta mutu, kada in ƙara jin ta."

Haka aka kai shi asibiti, aka zaunar da shi a bencin jira tsakanin masu tari da masu zazzaɓi, matarsa a gefe ta naɗe hannu. Ya sunkuyar da kai yana addu'ar ƙasa ta tsage. Can sai wata tsohuwa mai sanda, wadda idonta ya yi rauni, ta lallaɓo ta tsaya a gabansa. Ta ƙura wa rigar ido, ta kama hannunta ta ja.

"Sista, ki ji tsoron Allah. Tun azahar nake layi, ke kina zaune kina hutawa. Tashi ki duba ni."

Na-Sani ya dubi matarsa da idon neman ceto. Maman 'yan biyu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dafa kafaɗar tsohuwar, ta ce da muryar da har masu ba da magani suka ji:

"Iya, rufa wa kanki asiri ki nemi wata. Wannan Sistar kwalbati take dubawa, shi ma ɗazu ya cika a hannunta."